Alhaji Sada Salihu da Mutanen Zangon Gwadabe

Haihuwa da asali

An haifi Alhaji Sada Salihu a cikin birnin Katsina, a unguwar Rafin Daɗi, da daminar shekarar 1961. Mahaifinsa shi ne Malam Salihu Maɗinki, wanda aka sani da aikin allura a wuyan manyan riguna, mahaifiyarsa kuma Malama Dije, 'yar wani mai sayar da littattafan addini a bakin kasuwa. Shi ne na huɗu a ɗakinsu, kuma namiji na farko da Allah ya raya. Iyayensa da kakanninsa ta kowane ɓangare haifaffun cikin ganuwa ne, a nan aka yanke musu cibiya, a nan aka binne su, har ya kasance gidan ba su da wani ƙauye da suke dangana kansu da shi, ba su da gonar gado, ba su da maigarin da zai aiko a kira su. A zamanin ƙuruciyarsa wannan abin tinƙaho ne a wurinsu. Yana da kyau mai karatu ya riƙe wannan batu, domin a kansa ne babban al'amarin rayuwar marigayin ya rataya.

Neman ilimi

Ya fara karatun allo yana ɗan shekara biyar a zauren wani malami maƙwabcinsu, kuma ya sauke Alƙur'ani kafin ya gama firamare, wadda ya shiga a 1968. Daga 1975 zuwa 1980 ya yi sakandare a nan Katsina, inda malamansa suka shaide shi da natsuwa da kuma wata irin kafiya: in ya ce amsar lissafi kaza ce, to ko malami ne ya ce ba haka ba, sai dai a kai maganar gaban allo. Abokan karatunsa sun tuna cewa ba a jin daɗin ba da labari a gabansa, domin da zarar mutum ya ce jama'a sun cika filin ƙwallo maƙil, sai Sada ya tambaye shi kamar mutum nawa.

A 1981 ya sami shiga jami'a a Zariya, ya karanta lissafi da ƙididdiga, ya kammala a 1985 da sakamako mai daraja. Ya yi hidimar ƙasa a jihar Binuwai yana koyarwa a wata makarantar 'yan mata. Bayan shekaru, a 1997, ya koma aji a Kaduna ya yi kwas na shekara guda a kan sarrafa bayanai da kwamfuta, yana magidanci a tsakiyar samari, abin da bai taɓa jin kunyarsa ba.

Shiga aikin gwamnati

Ya kama aiki a Kaduna a 1986 a matsayin jami'in ƙididdiga. Da aka ƙirƙiro jihar Katsina a 1987 yana cikin ma'aikatan da suka dawo gida, aka ajiye shi a sashen tsare-tsare na ɗaya daga cikin ma'aikatun sabuwar jihar, a ɗaki guda da Malam Habibu, abokinsa tun sakandare. Abin da suka gada shi ne tarin takardu a cikin kwalaye, waɗansu ruwa ya taɓa, waɗansu gara ta ci rabonta. Da waɗannan ake so su faɗa wa manya inda ya kamata a gina makaranta ko asibiti, kuma sau da yawa kafin su gama lalube an riga an yanke hukunci a wani wurin.

A 1993 aka kawo kwamfuta ta farko sashen. An keɓe mata ɗaki, an lulluɓe ta da ƙyalle kamar amarya, an ba masinja umarnin kada kowa ya shiga da takalmi. Ta yi kusan shekara ba a taɓa ta ba, har sai da Malam Sada ya nemi izini a rubuce ya riƙa zama da ita bayan an tashi aiki, a ranakun da aka yi sa'ar samun wuta. Da yatsu biyu ya shigar da sunayen garuruwa da unguwanni na jihar, ɗaya bayan ɗaya, tare da abin da aka ce shi ne yawan jama'arsu.

A nan ya fara ganin abin da ya dame shi. Alƙaluman duka daga wasiƙun masu unguwanni da dagatai suke fitowa, kuma akwai garin da jama'arsa suka ninka uku a cikin shekara biyu ba tare da an ji labarin wata hijira ba. A wani rangadi da ya yi a 2000 ya iske asibiti sabo fil a gefen wata 'yar ruga, an gina shi ne saboda mahaifiyar wani babba daga nan ta fito, awaki na kwance a ɗakin haihuwa. Da yammacin ranar kuma ya ratsa wani gari mai kasuwa da masallacin Juma'a wanda ko ɗakin shan magani ba shi da shi. Malam Habibu, wanda suka yi tafiyar tare, ya ce da suka iso Katsina, a Ƙofar Kaura, Malam Sada ya ce masa, "Muddin ba a ƙirga ba, wanda ya fi baki shi ya fi jama'a."

Aure da iyali

A 1988 ya auri Malama Bilkisu, malamar firamare 'yar unguwar Yarinci, kuma ita kaɗai ce matarsa har ƙarshen rayuwarsa. Allah ya ba su 'ya'ya shida, ɗaya ya rasu yana jariri. Sun zauna a gidan haya a cikin birni har zuwa 1999, sa'ad da girma ya kai shi ga samun gidan gwamnati a GRA. Sun sauke farali tare a 2003. Hajiya Bilkisu mace ce mai barkwanci, ta sha faɗa wa ƙawayenta cewa ba ta da abokiyar zama sai mai cin wutar lantarki, wato kwamfuta. A 2005 ya sayi fili a Ƙofar Kaura ya fara gini kaɗan-kaɗan, yadda ma'aikaci yake yi, bana tushe, baɗi linta. Maginin da ya riƙe masa aikin tun daga tushe shi ne Idi, mutumin wani ƙauye ne daga yammacin jihar, yana zaune da iyalinsa a wata sabuwar unguwa da ake kira Zangon Gwadabe, a bayan gari ta hanyar Batagarawa.

Ƙa'ida ta bakwai

A 2004 aka naɗa shi mataimakin darakta, a 2007 kuma darakta. A tsakanin nan ya haɗa rumbun bayanai na farko a ma'aikatar, ya ɗora shi a kan taswira, ta yadda in aka taɓa sunan gari sai a ga makarantunsa da rijiyoyinsa da nisansa daga asibiti mafi kusa. Amma ya san taswira ba ta hana mai iko yin abin da ya ga dama. Don haka ya shafe shekara uku yana bin ofis-ofis da wani daftari na ƙa'idoji goma game da rabon ƙananan asibitoci, ana yi masa alkawari, ana mantawa, yana komawa.

Biyu daga cikin ƙa'idojin su ne suka shafi wannan tarihi. Ta uku ta ce duk unguwa ko ƙauyen da jama'arsa suka kai dubu uku, kuma ba shi da asibiti a kusa, wajibi ne a gina masa ƙaramin asibiti mai ungozoma. Ta bakwai ta ce ba za a karɓi wani adadi ba, daga kowa, ta kowace hanya, sai wanda ƙidayar sashen ta fitar, kuma za a riƙa maimaita ƙidayar duk bayan shekara goma. Lauyan ma'aikatar ya ba da shawarar a ƙara ɗan sassauci, a ce sai dai in kwamishina ya ga akwai lalura. Alhaji Sada ya ƙi ƙememe. Hujjarsa ita ce, duk ƙofar da aka bari don talaka, mai ƙarfi ne zai fara bi ta cikinta. A ƙarshen 2008 aka amince da daftarin yadda ya rubuta shi, ba a taɓa ko wasali ba, kuma waɗanda suka gan shi a ranar sun ce ba su taɓa ganinsa cikin farin ciki irin haka ba.

Ƙidayar 2009

Shi ya tsara ƙidayar da kansa. Ya zaɓi watan Maris, domin hanyoyi sun bushe kuma manomi ba ya gona. Ya kuma dage a kan a sanar da ranakun tun da sauran mako uku, a rediyo da bakin masu shela, saboda a ganinsa adalci shi ne kada a shammaci kowa, kuma kada malaman ƙidaya su je su tarar da mutane sun fita nema. Ya horar da ma'aikata, ya raba musu shiyya-shiyya, ya bi sawunsu a mota har taya ta ƙare.

Akwai abin da bai shiga lissafinsa ba, kuma duk waɗanda suka zauna a teburin tsarin 'yan birni ne irinsa, babu wanda ya tuna masa. Mutumin ƙauye da ya zo Katsina neman abinci, ko ya shekara ashirin, ko ya yi gini ya aurar da 'ya'ya, in aka ce gwamnati za ta rubuta mutane, garinsu yake komawa a rubuta shi. Haka suka saba tun a rajistar zaɓe da rabon taki, domin wanda ba a rubuta a garinsu ba kamar ya saki gonar ubansa ne, kuma ya rage wa garin rabo. Mako ukun da Alhaji Sada ya bayar don adalci ya ishi kowane maigari ya aika wa mutanensa, har ya nemi motar da za ta kwaso su.

Da sakamako ya iso, Zangon Gwadabe ya fito da mutum ɗari huɗu da goma sha biyu. Malaman ƙidaya sun rubuta a gefe cewa sun tarar da ɗakuna da yawa a kulle. Alhaji Sada ya karanta, ya ɗauka irin ginin nan ne da masu kuɗi suke yi a bayan gari su bari ba kowa, ya sa hannu. A cikin shekara biyu aka gina ƙananan asibitoci fiye da arba'in bisa wannan ƙidaya, kuma gaskiya ita ce mafi yawansu sun sauka inda ya dace, a garuruwan da ba su da kowa a sama. An ba shi lambar yabo, wasu jihohi suka aiko a koya musu.

Ta'aziyyar Delu

Da daminar 2011 matar Idi magini, mai suna Delu, ta rasu wajen haihuwa. Naƙuda ta zo mata da gardama, aka ɗauko ta za a kai ta asibiti cikin gari, kwazazzabon da ya raba unguwar da titi ya cika da ruwa, kafin a zagaya ta hanya mai nisa rai ya yi halinsa, ita da abin da ke cikinta. Alhaji Sada ya tafi ta'aziyya ranar uku, kuma wannan ne karo na farko da ya taka unguwar da ya sani sarai a kan taswira.

Ya ajiye mota a bakin kwazazzabo ya shiga da ƙafa. Ya wuce masallatai, ya wuce injin niƙa, ya wuce layin 'yan acaba da rumfunan masu shayi, lungu na ba lungu, kowane gida da hayaƙin girki. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana tambayar kamar mutum nawa bai buƙaci kowa ya faɗa masa cewa jama'ar wurin sun kai dubbai ba. Bayan an yi addu'a an shafa, ya matsa kusa da mai unguwa, Malam Gwadabe, dattijon da ya fara kafa bukka a wurin, suka gaisa gaisuwa mai tsawo, sannan ya tambaye shi ko malaman ƙidaya ba su shigo nan ba ne shekara biyu da suka wuce.

"Sun zo, ranka shi daɗe, mun ba su ruwa sun sha," in ji Malam Gwadabe. "Sai dai lokacin ba kowa. Gida anka tahi. Masu gari sun aiko da motoci, kowa shi je a rubuta shi inda anka haihe shi. Mu tsohhi munka rage muna gadin ɗakuna."

Idi, wanda ke zaune a gefe kansa a sunkuye, ya ɗago ya ce, "Ni ma na tahi da Delu da ɗiya duka, Alhaji. Kuma an gode, garinmu ya samu asibiti, an ce aikinku ne. Nisa dai gare shi."

Ba wanda ya zarge shi da komai a wurin, hasali ma godiya suka yi ta yi masa da ya tako. Hajiya Bilkisu ta ce da ya dawo gida bai iya cin abinci ba, kuma daga wannan rana har ya bar duniya ba ta ƙara jin ya ambaci lambar yabon nan ba.

Shekarun neman gyara

Abin da ya rage na aikinsa, shekara goma cur, ya tafi ne a kan buƙata guda: a gina wa Zangon Gwadabe ƙaramin asibiti mai ungozoma. A 2012 ya rubuta takardar neman a sake ƙidayar unguwar ita kaɗai, ya bayyana kuskuren a fili, ya ce nasa ne. Takardar ta tsaya a teburin Alhaji Habibu, wanda a lokacin ya zama babban sakatare. Ya kira shi ofis, ya rufe ƙofa, ya buɗe masa ƙa'ida ta bakwai. "Sada, kai ka rubuta wannan, ni shaida ne," ya ce. "Akwai wasiƙu talatin a durowar nan, kowa na cewa an tauye garinsu. In na buɗe maka yau, gobe da me zan hana su?" Maganarsa ce aka maido wa Alhaji Sada.

Sai ya koma ga abin da ya iya. A 2014 ya samo hotunan tauraron ɗan Adam, shi da ma'aikatansa suka bi rufin gidajen unguwar suna sa alama, suka sami fiye da dubu biyu. Kwamitin da aka nuna wa ya yaba ƙwarai da kyan aikin, sannan lauya ya tunatar da cewa ƙa'ida mutane ta ce, ba kwanon rufi ba. A 2016 ya haɗa bayanan yaran da aka yi wa rigakafi a unguwar da ƙiyasin wayoyin hannu da ke kwana a wurin, ya nuna a babban allo a gaban manya. Kwamishinan lokacin ya girgiza kai, ya ce lallai a duba, bayan wata biyu aka sauya masa ma'aikata. Kwamishina shida Alhaji Sada ya yi wa wannan bayani, kowanne daga farko, kowanne ya saurara da ladabi, kuma kowanne ya tafi kafin takarda ta dawo daga inda aka aika ta.

A 2017, da taimakon wata ƙungiyar agaji, aka sabunta rumbun bayanan, aka kafa allo a bangon ofishinsa mai nuna taswirar jihar da launi: ja inda ake buƙatar asibiti, kore inda babu buƙata. Zangon Gwadabe kore ne shar. Kullum ya shigo da safe shi yake fara gani, kuma a cikin waɗannan shekaru labarin mata biyar ya iso kunnensa waɗanda suka bi hanyar Delu, ban da waɗanda bai ji ba.

A shekarar ne Malama A'isha, injiniyar da ke kula da rumbun, wadda ta gaji da ganinsa yana tsayawa a gaban allon, ta same shi da wata magana. Ta ce adadin nan a hannunsu yake, su biyu kaɗai ke da mabuɗin shiga, in ya ba da izini za ta mayar da ɗari huɗu ta zama dubu huɗu, wanda ma bai kai gaskiya ba, kuma kasafin baɗi da kansa zai ɗauki unguwar. Ya nemi ta ba shi lokaci. Bayan mako guda ya kira ta ya ce a'a, ya ce ranar da aka gane darakta yana taɓa alƙaluma da hannunsa, ko don alheri, to duk sauran sun zama abin tuhuma, kuma za a koma zamanin wasiƙu. Ta ce, "To, ranka ya daɗe, matan fa?" A gida ya faɗa wa Hajiya Bilkisu cewa shi kansa bai sani ba, ko tsoron Allah ne ya hana shi, ko kuwa son a ce aikinsa ba shi da tabo.

A 2018 ya gwada hanya ta ƙarshe, ya nemi a yi wa ƙa'ida ta bakwai kwaskwarima. Labari na fita, buƙatu suka yi ta kwarara daga masu faɗa a ji, har da mai neman asibiti a ƙofar gonarsa, kuma daftarin da ya dawo daga kwamiti ya ƙunshi sassaucin nan da ya ƙi a 2008, kalma da kalma. Da hannunsa ya janye takardar. Bai rage masa ba sai jiran ƙidaya ta biyu, wadda ƙa'ida ta ajiye a 2019, kuma ya shirya mata tsaf, ya tsara a yi ta ba sanarwa. Aka ɗage ta saboda zaɓe. A 2020 aka ɗage saboda annoba. A 2021 aka ɗage saboda hanyoyin ƙauyuka ba su biyuwa.

Ritaya

Ya ajiye aiki a tsakiyar 2021, bayan shekara talatin da biyar. A walimar ban kwana an yi jawabai masu daɗi, aka kira shi uban ƙididdiga, kuma ma'aikatan sashen, da kyakkyawar niyya, suka ba shi kyautar taswirar nan an buga ta da launi an sa a gilashi. Ya karɓa ya yi godiya. Iyalinsa sun ce tana bayan kabad har yau, fuskarta na kallon bango.

Ya koma gidansa na Ƙofar Kaura, wanda Idi ya ƙarasa masa. A lokacin Zangon Gwadabe ya ninka yadda ya gan shi ranar ta'aziyya, domin rashin tsaro ya taso ƙauyuka da dama, ciki har da garin su Idi, kuma asibitin da aka gina musu can yana kulle babu kowa. Alhaji Sada ya sha faɗa wa masu ziyartarsa, cikin gajiya, cewa yanzu ko shekara guda aka yi ana shela ba inda mutanen za su tafi, da za a zo a ƙirga da an same su cif. Duk ranar Litinin yakan sa babbar riga ya tafi tsohon ofishinsa ya zauna a ɗakin jira. Sabon darakta, wanda shi ya ɗauke shi aiki, yakan fito da kansa ya durƙusa ya gaishe shi, ya ce, "Baba, maganar tana kan hanya," a kawo masa shayi, ya sha ya tafi.

A 2022, da ya ga ƙarfinsa na raguwa, ya kama ɗaki biyu a unguwar, kusa da gidan mai unguwa, ya sa aka yi musu siminti da farar ƙasa, ya roƙi autarsa Lailatu, wadda ta karanta aikin ungozoma, ta riƙa zama a wurin. Bai taɓa kiran wurin asibiti ba, kuma ba ya son a kira shi haka a gabansa, domin a cewarsa gado biyu da fitila ba su ne haƙƙin mutanen ba. Daga 2023 hawan jini da ciwon suga suka kwantar da shi, idonsa ya yi rauni har ba ya iya karanta waya, zuwa ofis na ranar Litinin ya yanke.

Rasuwa

Alhaji Habibu, wanda shi ma ya yi ritaya, ya zo duba shi bayan ƙaramar Salla. Suka daɗe suna zancen mutanen da suka riga mu gidan gaskiya, sannan marar lafiyan ya tambaye shi ko ya ji an sa ranar ƙidaya. Alhaji Habibu ya ce ana kan shiri. Alhaji Sada ya yi ɗan murmushi ya ce, "Haka nake faɗa wa mutane ni ma."

Allah ya yi masa rasuwa a gidansa da hantsin Talata, 14 ga Shawwal 1445, daidai da 23 ga Afrilu 2024, yana da shekara sittin da biyu da 'yan watanni. An yi masa salla bayan la'asar a ƙofar gidansa. Tsofaffin abokan aiki sun zo, manyan ma'aikata sun aiko da wakilai, amma mafi yawan waɗanda suka tsaya a sahu mutanen Zangon Gwadabe ne, magina da leburori da 'yan acaba da masu tura ruwa, suka cika layin har sahu ya fita bakin titi. Babu wanda ya ƙirga su. Idi na cikin waɗanda suka saka shi a kabari a maƙabartar Ɗanmarna. Allah ya jiƙansa, ya yafe masa kurakuransa, waɗanda ya sani da waɗanda bai sani ba.

Ya rasu ya bar matarsa, Hajiya Bilkisu, da jikoki goma sha ɗaya, da 'ya'ya biyar: Jamilu, malamin sakandare a Funtuwa, Hafsat, tana aure a Kaduna, Sadiq, mai gyaran wayoyi da kwamfuta a cikin gari, Halimatus Sa'adiyya, ma'aikaciyar banki a Kano, sai Lailatu, ungozoma, wadda har yanzu take zaune a ɗakunan nan biyu. Zuwa lokacin da aka rubuta wannan tarihi, jariran da ta karɓa da hannunta a Zangon Gwadabe sun haura ɗari biyar. A rumbun bayanan da mahaifinta ya gina, mutanen unguwar gaba ɗaya ɗari huɗu ne da goma sha biyu.